Ranar da Na Rage wa Hajiya Taga

Ba zan taɓa mantawa da tagar kicin ɗin Hajiyarmu ba, kuma ko ni na manta, mutanen layinmu a Koki ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga unguwar sai wani ya ɗaga murya daga majalisa ya ce, "Mai aljanu, ya mutanen naka?" Ni kuma in yi yaƙe in ce suna gaisuwa. Shekara shida ina amsa wannan suna, ga gaskiya a bakina amma ba damar faɗa. Yanzu da wadda abin ya shafa ta rasu, Hajiya ta ce in na ga dama in faɗa, da sharaɗin in sauya sunaye. To na sauya.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Aikin ofis nake yi, ina zaune bayan gari da matata Sadiya. Hajiya kuwa tun rasuwar mahaifinmu ta ce ba mai fitar da ita daga cikin birni, ita kaɗai take zaune a gidan da aka haife mu. Ina da wata cuta guda ɗaya: kallon bidiyon gyaran gida a waya. Mutumin da bai taɓa kafa ƙusa ta shiga a miƙe ba, amma in na kalli wani yana gyara kicin na minti goma sai in ji ni ma injiniya ne.

Kicin ɗin Hajiya ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya yi gefe. Tukwane a kan tukwane, samiru, kuloli, turmi, buhun shinkafa, da wata ƙatuwar tukunyar biki da ba a taɓa ta sai shekara shekara. Ga kuma taga ta cinye rabin bango ɗaya. Ƙatuwa ce, mai murfin katako biyu, ƙasanta daidai ƙugun mutum, da faffaɗan dakali. Ba ƙarfe, ba raga. Kuma ba wani abin kallo take kallo ba, wani ɗan matsattsen lungu ne da bai ɓulle ko'ina ba, ƙofar da ke cikinsa ɗaya ce tak, ƙofar bayan gidan maƙwabciyarmu Inna Zulai.

Bari in gaya muku abin da ni ban sani ba a lokacin, don ku fi jin daɗin yi min dariya. Inna Zulai tsohuwa ce, jikar Larabawan nan 'yan kasuwa da suka zauna cikin birni tun da daɗewa. Muna yara gidansu ne gidan da ake rabon alkaki da sallah, mijinta babban mai shagon yadi ne. Ya rasu, shagon ya bi shi, ɗanta ɗaya shi ma ya rasu, gwiwoyi suka hana ta fita. Amma mace ce da ta gwammace ta kwana da yunwa da a ga an shiga gidanta da kwanon abinci ta ƙofar gaba. Shekara goma sha ɗaya abincinta ta tagar nan yake fita. Ba wanda ya sani, daga ita sai Hajiya. Ni da aka haifa a gidan, abin da na sani game da kicin shi ne daga can abinci yake fitowa.

Sai ƙanwata ta haihu a Zariya, Hajiya ta shirya za ta je ta yi mata sati uku. Ranar tafiya ta kira ni kicin (ba ta faɗin sunana, kun san ɗan fari, "kai" take ce min) ta miƙo min kula.

"Kai, kullum Sadiya ta zuba abincin rana a nan. Kafin la'asar ka kawo ka ajiye a kan dakalin tagar nan. Ka tura murfin, kada ka sa sakata. Za ka tarar da wata kular, ka tafi da ita, gobe a zubo a ciki."

Na ce, "Hajiya, na wa ne?"

Ta ce, "Mai shi ya sani."

Shi ke nan bayanin. Na yi tunani iya tunanina a hanyar komawa gida, na yanke cewa na Kawu Sale ne, ƙaninta mai sayar da robobi a Ƙofar Wambai, tunda yana da mukullin gidan. Me ya sa za a ajiye wa mutum mai mukulli abinci a taga? Na ce don ya sha iska. Me ya sa ba za a sa sakata ba? Na ce don iskar ta shigo. Wallahi haka na tsara wa kaina, kuma na gamsu. Ban kira Kawu na tambaye shi ba, don Kawu Sale in ka gaishe shi da safe sai azahar za ka samu kanka.

Sati guda abin ya tafi daidai. In ajiye cikakkiya, in ɗauki wankakkiya, an goge ta tas har ƙyalli take. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kullum a cikinta sai in tarar da ɗan ƙullin turaren wuta, mai ƙamshin da ban taɓa jin irinsa a kasuwa ba. Na ce ikon Allah, Kawu Sale da ko turaren jiki bai dame shi ba. Na riƙa zarewa ina kai wa Sadiya. Ta ɗauka sayowa nake yi, har ta gaya wa yayarta a waya cewa na fara sanin darajar mace. (Ban gyara mata ba. Na sani, na sani.)

A cikin satin nan ne nake tsayawa ina ƙare wa tagar kallo, cutar tawa ta motsa. Na ce yanzu fa in aka toshe ƙasan nan da bulo, aka bar 'yar taga a sama don hayaƙi, aka kafa kanta mai hawa huɗu a wurin, ai duk tarkacen nan sun samu mazauni. Ga maganin sauro, ga maganin ɓarawo, tsohuwa ita kaɗai a gida da taga ba sakata. Har na hango fuskar Hajiya ranar da za ta dawo, tana sa min albarka a gaban ƙannena. Gaskiya ita ce albarkar a gaban ƙannen nawa na fi hangowa.

Ranar Asabar da safe na zo da Malam Iro birkila. Dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya dubi tagar, ya leƙa lungun, ya dawo ya dube ni.

"Yallaɓai, Hajiya ta san da aikin nan?"

Na ce, "Mamaki zan ba ta."

Ya ce, "To Allah Ya sa na alheri ne." Ya shafa dakalin da tafin hannu. "Ka ga wurin nan ya yi santsi, har ya yi ɗan zagaye kamar gindin kwano? Siminti ba ya yin haka don kansa fa."

Na ce tsufa ne. Na ciro waya na nuna masa bidiyo. Ya kalla kamar na nuna masa hoton ƙasar waje, ya ce, "To," ya ɗauki cebur ya fara kwaɓa siminti.

Kafin la'asar an gama. Taga ta koma kamar faɗin tire, can sama inda sai ka taka kujera za ka leƙa, an sa mata ƙarfe da raga. Na tsaya na riƙe ƙugu ina jin kaina. Kular ranar kuwa na ajiye ta a kan kujera daidai inda dakalin yake da, don kada Kawu ya sha wahalar nema. Ku dubi tausayi irin nawa.

Lahadi na zo da kafinta ya kafa kanta. Kula na nan yadda na bar ta, shinkafa da wake sun yi tsami. Wankakkiyar kuma babu. Na ce ƙila Kawu ya yi tafiya. Litinin na tarar da dambun da Sadiya ta yi wa wahala ya lalace. Da na mayar mata ta buɗe ta rufe, ta ce, "In abincina ne bai yi wa danginku ba, a gaya min kawai." Ta ƙara da, "Turaren ma ka daina sayowa."

Na ɗauki waya zan kira Hajiya ya fi sau biyar ina fasawa. Na san ta, tambayarta ta farko ita ce, "A kan dakalin ka ajiye?" Ni kuma ba dakali. Da in ɓata mamakina gara in jure wa surutun Kawu.

Talata na baro ofis da wuri na nufi Wambai. Na same shi a tsakiyar bokitai da bahuna yana cin gurasa. Bayan gaisuwa mai tsawo na ce, "Kawu, ko girkin Sadiya ne bai yi maka ba?"

"Wane girki?"

"Abincin da nake ajiye maka a kicin ɗin Hajiya."

Ya ajiye gurasar. "Yaya tana ajiye min abinci? Tun yaushe?"

"Ai kai za ka gaya min. Kai da kake wanke kular har ka sa turare."

"Turare? Ni?" Ya shinshina hammatarsa kamar zai samu amsa a can. "Kai, rabona da gidan nan tun ƙaramar sallah. Mukullin ma ban san inda na jefa shi ba."

Muka zuba wa juna ido. Ni ina tunanin wa ya ci abincin sati guda a gidan da yake kulle. Shi kuma, na rantse, baƙin cikinsa shi ne an yi ta cin abinci da sunansa bai samu ko loma ba. Ya bar wa maƙwabcinsa shago ya hau bayan babur ɗina, wai sai ya ga wurin da idonsa.

Muka shiga kicin ana gab da kiran la'asar. Da rana ne, ba wani duhu ba. Ina nuna masa kanta, ina jiran ya yaba, sai muka ji daga cikin bango: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Kawu ya ce, "Kai ne?"

Na ce, "Hannuna ga su."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Daidai bayan kantar, daidai inda na toshe.

Jama'a, mu haɗa lissafin da kaina ya haɗa a lokacin. Gida a kulle. Abinci yana ɓacewa. Kula tana dawowa a wanke. Turaren wuta mai baƙon ƙamshi. Tsohuwa ta ce kada a sa sakata, ta ce mai shi ya sani. Ga shi na toshe hanya an fara buga bango. Ni mai digiri, abin da ya zo min shi ne: innalillahi, Hajiya mutanen ɓoye take ciyarwa, ni kuma na kai turarensu ɗakin matata. Ko sau ɗaya tunanin ƙofar da ke cikin lungun bai zo min ba. Ban san lokacin da na tsallake turmi ba. Kawu kuwa da tumbinsa ya riga ni kaiwa zaure, takalminsa ɗaya a kicin.

Da ni kaɗai ne da na je na kira Malam Liman a asirce. Amma Kawu Sale bai san asirce ba. A ƙofar masallaci, mutane na alwala, ya buɗe murya: "Malam, a taimaka! Yaron nan ya toshe wa aljanun Yaya hanya!" (Yaron nan ni ne, shekarata arba'in da ɗaya a lokacin.)

Bayan sallah rabin sahu ya biyo mu. Allah Ya saka wa Malam Liman da alheri, a ƙofar gida ya juya ya ce kowa ya tsaya, mu uku kawai za mu shiga. Dattijo ne mai sanyin magana, ya girme wa mahaifina ma. Ya tsaya a tsakiyar kicin da carbinsa, ya dubi kanta, ya dubi 'yar tagar, ya fara karatu a hankali. Ni a bayansa, Kawu a bayana yana riƙe da rigata.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Malam ya dakata. Ya matsa kusa da bangon ya ce, "Assalamu alaikum."

Ta cikin ragar nan ta sama wata siririyar murya ta ce, "Wa alaikumus salam."

Kawu ya raɗa min, "Musulmi ne."

Muryar ta ce, "Wa ke nan? Ɗan Hajiya ne? Na ji motsinka ɗazu. Ni ce, Zulai."

Na ce, "Na'am, Inna," da wata murya da ba tawa ba.

"Ɗan nan, don Allah ka gaya min gaskiya, kada ka ɓoye min. Hajiyarka Binta tana raye?"

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Tana Zariya."

Na ji ta sauke numfashi. Ta yi hamdala sau uku. Sannan ta ce, "Da na ga an toshe, na ce ko ta cika a can ne ba a gaya min ba. To in tana raye, ka ce mata in wani abu na yi mata, ta yafe min. Ga kularta nan na wanke, kwana huɗu ina neman ta inda zan miƙo."

Kwana huɗu. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. Ina zubar da shinkafa da dambu a bola, tsohuwa na bayan bulo guda ɗaya. Kuma ba ta ce tana jin yunwa ba, kula take son mayarwa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi. Sai Kawu Sale ya saki rigata, ya yi dariyar wanda ya tsira, ya ce da ƙarfi:

"Au! Ashe ke ce kike cin abincin!"

Sai Inna ta ce a hankali, "Su wa ke tare da kai?"

Muka ji jan silifa da ƙarar sanda suna nisa, muka ji an rufe ƙofa.

Malam Liman ya daɗe yana kallon Kawu, har Kawu ya sunkuyar da kai. Ya juyo gare ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Abin da kuka ji a ɗakin nan, a nan za ku bar shi. Sale, da kai nake. Kai kuma ka nemo mai guduma." Ya fita ƙofar gida, muna biye, ya ce wa jama'a, "Abin da suka ji ba mai cutarwa ba ne. An yi addu'a. Kowa ya kama gabansa." Ko ƙarya ɗaya bai yi ba. Jama'a suka cike sauran da kansu, kafin magariba na zama mai aljanu.

A yammacin na koma wurin Malam Iro. Ya ɗauko guduma kamar da ma jirana yake. Muka cire kanta, ya fasa bulon. Da yake bangon tsoho ne, sai gefe ɗaya ya biyo gudumar. Na ajiye abinci a kan abin da ya rage na dakalin, na tura murfin da muka mayar.

Laraba abincin na nan. Alhamis yana nan. Taga a buɗe, ba a taɓa ba. Wannan karon na san dalili, kuma ya fi na farko ciwo. Na zauna a kan turmi na kira Hajiya na faɗa mata komai.

Ta ce, "Shekara sha ɗaya ko mahaifinka bai sani ba. Kai a kwana huɗu ka tara mata liman."

Washegari da hantsi ta iso, ta bar mai jego da jariri. Ko mayafi ba ta cire ba ta shiga kicin. Ba ta dube ni ba. Ta ɗora tukunya ta yi tuwon shinkafa miyar taushe da hannunta, ta zuba a kula, amma ba ta ɗora a taga ba. Ta ce in koma tsakar gida. (Na koma, amma kunnena bai koma ba.) Ta buɗe murfin ta leƙa lungun.

"Zulai! Ke Zulai! Wane irin abu ne wannan? Na dawo ɗakina sai warin daddawa yake. Ina turarena?"

Ƙofar Inna ba ta buɗe ba.

"Ni fa ba zan iya da na kasuwa ba, ciwon kai yake sa ni. In kin daina yi ne ki gaya min in san na yi."

An daɗe. Har na cire rai. Sai na ji ƙofa, na ji sanda, na ji silifa. Wani siririn hannu ya ɗora wankakkiyar kula a kan dakalin.

Inna ta ce, "Yana ciki. Itacen sandal ɗin ya yi ƙaranci, ki yi haƙuri da shi."

Hajiya ta tura mata cikakkiyar ta ce, "Riƙe nan. Ni ma gishirin ya ɗan zarce."

Shi ke nan. Ba wadda ta ambaci bulo, ba wadda ta ambaci liman. Ni ina tsakar gida ina goge ido da hular kaina.

Da yamma Sadiya ta zo yi wa Hajiya sannu da zuwa. A gabanta Hajiya ta juyo ta ce min, "Kai, turarena na sati guda fa, ina ka kai shi?" Abin da ya biyo baya a gidana ba na wannan labarin ba ne.

Da Malam Iro ya gama gyaran gefen da ya zube, tagar ta fi ta da faɗi da kusan taƙi guda. Tukunyar bikin da take zaune a kusurwar nan ta rasa wuri, aka mayar da ita ƙarƙashin gadon Hajiya. Wato na shiga in ƙara wa kicin wurin ajiya, na fito na rage masa. Kantar tana gidana, takalma nake jerawa a kai.

Har yau in aka ce wane darasi na koya, sai in ɗan rikice. Wani lokaci in ce darasin shi ne in riƙa tambaya. Sai in tuna ai na tambaya, aka ce min mai shi ya sani. Abin da na tabbatar dai shi ne, duk abin da na gani a gidan Hajiya ban gane amfaninsa ba, to ba shi ne ba shi da amfani ba, ni ne ban gane ba, kuma in ajiye wayata a aljihu.

Bara Inna Zulai ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Gidanta ya koma hannun wasu. Makon jiya na je gaishe da Hajiya, na leƙa kicin neman ruwa, sai ga kula a kan dakalin, murfin taga a ture, ba sakata. Na buɗe baki. Hajiya ta ɗago ta dube ni. Na sha ruwana na fita.

Mai shi ya sani.